Shinkafar Ɗakin Inno

Ranar da motar jam'iyya ta sauke shinkafa a gidan Lukuman da ke Gwandu, ɗakin mahaifiyarsa aka zaɓa. Ba don ya fi sauran faɗi ba, sai don babu wanda zai yi tunanin leƙa ɗakin tsohuwa. Aka jawo gadonta zuwa bakin ƙofa, aka watso kaskon suyar ƙuli-ƙulinta tsakar gida, 'yan dako suka jera buhu a kan buhu har suka toshe taga. Kowane buhu yana ɗauke da hoton Alhaji Sadiƙ, ɗan takarar majalisa, yana murmushi da kumatu kamar an shafa musu man shanu. A ƙarƙashin hoton an rubuta taken yaƙin neman zaɓensa da jan fenti: Abinci da 'Yanci.

Inno tana zaune a tabarma tana kallo. Lukuman ya tsaya da babbar rigarsa mai sitaci, uwar tana gabansa bai fi taku uku ba, amma matarsa Rumaisa ya fuskanta.

"Ki hwaɗa ma Inno kayanga amana ne. Sai ranar zaɓe za a raba. Ba ni son ko ƙwara guda ta yi ciwon kai."

Inno ta dubi ƙasa ta ce, "Ki ce ma wancan na ji."

Haka suke magana shekara arba'in da shida. Lukuman ɗan fari ne, Inno kuwa 'yar Masama ce, tarbiyyar mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci yana gani, kuma ko allura ba ta taɓa roƙonsa ba. In wani yaro a unguwa sunansa Lukuman, mai sunan wancan take ce masa. Wannan kunya ita ce adonta. Mata na misali da ita a gidan biki, ita ma a ranta tana jin daɗin hakan, don ba ta da wani abin taƙama da ya wuce shi.

Da can kunyar ba ta cutar da kowa, domin Inno tana ci da kanta. Ƙuli-ƙulinta ya yi suna har bakin tasha. Sai gyaɗa ta yi tashin gwauron zabo, itace ya bi bayanta, masu saye suka koma latsawa suna ajiyewa. Jari ya narke a hankali, kasko ya kife. Daga nan cikin Inno ya koma hannun ɗanta, wanda a shekarar aka naɗa shi kodinetan Alhaji Sadiƙ na ƙaramar hukuma, ya fara ƙiba ta wuya.

Tsadar ta shiga gidan kamar yadda ta shiga kowane gida, sai dai ba kowane ɗaki ta shiga ba. Aka soke abincin rana, aka ce kowa ya yi haƙuri. Maigidan yana ci a ofishin kamfe, inda kullum ake sauke kulolin abinci. Rumaisa da 'ya'yanta kuwa, da an yi azahar sai a turo ƙofa, ƙamshin taliyar leda da soyayyen ƙwai ya biyo ta ƙarƙashinta ya zagaya tsakar gida. Rabon Inno shi ne koko tsararo da safe, da malmalar tuwo guda bayan magariba, wadda a mako uku ta koma rabi. Wata rana tuwon ma ba ya isowa, sai ƙanzon gindin tukunya. Haƙoranta huɗu suka rage, don haka jiƙa shi take yi a kwano, ta jira ya yi laushi.

Rumaisa ba ta rasa abin faɗa. "Tsohi ba su son abinci mai nauyi. Likita ma cewa yay yi a rage musu." Ba a san wane likita ba, domin rabon Inno da asibiti tun rasuwar mijinta.

Wadda ta fara lura ita ce Malama Ruth, 'yar Zuru, mai koyarwa a firamare, wadda take haya a ɗakin kusa da zaure. Albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata, amma tana da ido. Wata safiya ta shigo da jug ɗin kunun gyaɗa ta durƙusa.

"Inno, na dama ya yi mini yawa, ga shi zan makara. Ki taimake ni kada ya lalace."

Inno ta gane, ta kuma gode a ranta da aka ba ta hanyar karɓa. Ta jira Malama ta fita, ta juya wa buhunan baya, ta shanye har da lashe murfi. Kwana shida kunun Malama yana yin yawa. A na bakwai Lukuman ya ci karo da jug ɗin a zaure.

Inno tana jin su daga ɗaki.

"Malama, sadaka kika kai ma uwata? A gidana? Ina kodineta?"

"Ba sadaka ba ce, ranka ya daɗe. Amma ka dubi wuyanta. Inno tana ramewa."

"Ke baƙuwa ce, ba ki san mu ba. Ki tahi ki tambaye ta in ta taɓa ce min tana jin yunwa. Ko sau guda. In tac ce ta taɓa, ki dawo ki zage ni." Ya gyara hula. "'Yan adawa na nan na neman abin hwaɗi a kaina, ke kina ba su. In ɗakin ya ishe ki, akwai masu nema."

Ya san ba za ta taɓa faɗa ba. Babu wanda ya fi shi sani, tunda a kansa ake kunyar. Ya samu uwa mai rufaffen baki, ya mayar da bakin nata shaidarsa.

Washegari Malama Ruth ta sake kawo kunun, a ɓoye cikin jakar littattafai. Inno da kanta ta mayar mata da shi.

"Na ƙoshi, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

"Inno, ki sha mana. Ba wanda ya gani."

"Na ce miki na ƙoshi. Wancan bai rage ni da komi ba."

Ta koma ta zauna a gefen gado, Alhaji Sadiƙ yana mata murmushi ta fuska arba'in. Ta ji haushin Malama da ta sa ta yin ƙarya da sassafe, sannan ta ji kunyar haushin.

A makon ne aka karɓi katinta na zaɓe. Lukuman yana tara na matan unguwa a gwangwanin madara, wai ajiya, kada su ɓata kafin ranar. Inno ba ta taɓa fashin zaɓe ba tun tana goyon autarta Mairo, wadda yanzu take aure a Masama. Tana son ranar. Tana son yadda ake barin ta ita kaɗai a bayan ɗan labule, ba miji ba ɗa, ta dangwala inda ranta ya so. Katin yana ƙunshe cikin tsumma a ƙasan adudunta. Rumaisa ce ta zo ta ce maigida ya ce a bayar, Inno ta kwance ƙullin ta miƙa.

Ba a daɗe ba Lukuman ya lura da ramar da aka ce ya duba. Ya fito zai tafi ofis, ya tarar da ita tana alwala a bakin rariya, ta naɗe hannun riga. Damatsan sun zama kamar karan dawa, ƙashin wuya ya fito har ana iya zuba ruwa a raminsa. Ya tsaya ya dube ta da kyau. Inno ta ji idonsa a kanta, murna ta kama ta, ta ce a ranta yau dai ya gani. Ya gani kuwa, amma irin ganin da dillali ke yi wa kayan da ya gano suna da kasuwa.

Da hantsi Rumaisa ta shigo da saƙo. Alhaji yana zagayen ƙauyukan Kalgo, kuma ana neman tsohuwa da za ta hau dandamali ta faɗi halin da talaka yake ciki. Waɗanda aka gwada a baya ba su yi ba, wata ma an gan ta da zoben zinariya a hoto.

"Cewa za ki yi kwana biyu ba ki aza tukunya ba, ƙanzo kika jiƙawa ki sha. Kin iya riƙewa, ko in maimaita?"

"Na riƙe," in ji Inno.

"Kuma yac ce kada ki ɗaura atamhwar Sallah. Wanga tsohon zanen na jikinki ya yi."

Ta so ta ƙi. Sai wani tunani ya zo mata, wanda ya hana ta sukuni har aka zo ɗaukar ta. Abin da ba za ta iya faɗa masa a tsakar gida ba, ga shi shi da kansa ya ce ta faɗa a lasifika, yana tsaye a bayanta. Ba ta kira sunansa ba, ba ta roƙe shi ba, kunyarta tana nan, kuma zai ji.

A ƙauyen farko aka gabatar da ita a matsayin wata baiwar Allah daga Masama. Aka kama ta aka hau da ita kan buɗaɗɗiyar mota, aka kara mata makirufo a baki. Ta faɗi abin da aka koya mata, ta ƙara da wanda ba a koya mata ba: yadda take jin jiri in ta ɗago daga sujada, yadda take ɗaure ciki da ɗankwali ya daina kuka. Muryarta ta fita ƙarama, ba kwalliya. Mata suka fara share hawaye da gefen hijabi. Alhaji Sadiƙ ya ciro farin hankici ya danna a ido, bayan ya tabbatar mai ɗaukar hoto ya juyo. Daga nan ya karɓi makirufo ya yi rabin awa yana ɓarin baki a kan tsadar masara, da kuɗin mota, da 'yancin ɗan ƙasa. Ya ce ƙuri'a amana ce tsakanin mutum da Ubangijinsa, duk wanda ya riƙe wa talaka katinsa azzalumi ne. Lukuman ya fi kowa tafi.

A mota aka ba ta biredi da lemon kwalba. Ba ta ci ba, don yana zaune a gaba. Ta ɓoye a zane har gida.

Da magariba ta yi ta zauna tana jiran kwano. Ta ma wanke hannu tun kafin a kawo. Rumaisa ta shigo ta dire mata rabin malmala kamar kullum.

"Maigida ya yaba ƙwarai. Yac ce Alhaji ya ji daɗi. Amma gobe ki ɗan ƙara da kuka, kuma ki bar sadda kai, ba a ganin huskarki a hoto."

Inno ta daɗe tana kallon tuwon kafin ta sa hannu.

Bidiyon ya zagaya wayoyi, ya dawo Gwandu inda kowa ya san ko uwar wa ce. Wani zai zaci asiri ya tonu. Ina. A majalisar bakin kasuwa cewa aka yi, ka ga masifar da ake ciki, ko uwar kodineta ba ta tsira ba. Wasu suka ce Lukuman namiji ne, ya sadaukar da mutuncin gidansa saboda talakawa. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka ce shiri ne, hoda aka shafa mata ta yi fari-fat. Aka yi ta musu a kan yunwar Inno har da rantse-rantse, amma babu wanda ya tako gidan ya ga kwanonta. Mairo ta kira daga Masama tana kuka, yayanta ya ce mata wasan siyasa ne kawai, ta kwantar da hankalinta, tsohuwa har ture abinci take yi.

Ƙauye bakwai aka kai ta cikin kwana goma sha biyu. Rana ta gasa ta a kan mota, ƙafafunta suka fara kumbura. Sallah ta koma yi a zaune. Ta lura da wani abu da ta ƙi yarda da shi sai da ya maimaitu: duk ranar da za a fita da ita, kokon safe ba ya zuwa sai an dawo. Rumaisa ta ce saboda kada fitsari ya matsa mata a hanya.

Ɓeraye ne kaɗai a gidan ba su san amana ba. Sun huda buhun da ke can ƙasa ta bayan gado, kullum da safe sai Inno ta ga ƙwayoyin shinkafa a warwatse a daɓe, gauraye da kashinsu. Da farko sharewa take yi ta zubar wa kaji. Wata safiya ta tsaya da tsintsiya a hannu ta yi lissafi da zuciyarta. Buhu ba ta taɓa ba. Wannan abin zubarwa ne. Ta tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a gwangwanin tumatir. Kwana biyar ta tara abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Ta bari gidan ya yi shiru da hantsi, ta haɗa 'yan kirare a bayan ɗaki, ta ɗora.

Shinkafar ba ta nuna ba Rumaisa ta biyo ƙamshi.

"Lallai. Ashe ɓeran gidanga mai zane ne."

Ta kira mijinta a waya, sai ga shi a kan babur kamar an ce gobara ta tashi. Aka ja gado, aka ga huda. Inno tana tsugune a gaban gwangwaninta, ta ce wa ƙasa, "Ɓera ne. Abin da yaz zubar nit tsinta."

Lukuman bai ɗaga murya ba, shi mutum ne mai tarbiyya. Ya fuskanci matarsa.

"Ki ce ma Inno ban zarge ta ba. Amma kayanga ƙirge suke. In Alhaji ya ji an taɓa su daga gidana, aikin da nika jira bayan zaɓe ya tahi, kuma ita ma don ita nika wahalar ga. Ta yi haƙuri, saura kwana goma sha tara. In munka ci, sai ta gaji da shinkahwa."

Ya sa ƙafa ya ture gwangwanin, ba da ƙarfi ba, kamar mai kawar da abin tuntuɓe. Kaji suka taru. A ranar aka kawo tela ya ɗinke buhun, aka zuba maganin ɓera a kowane lungu na ɗakin. Da safe babu ƙwaya ko ɗaya a daɓe.

Babban gangami a Kalgo aka yi shi, ranar kasuwa. An kafa rumfuna, an kawo makaɗa da manyan lasifika, motoci sun zo daga Jega da Birnin Kebbi. Tun safe aka ajiye Inno a kujerar roba a bayan dandamali, ba ta karya ba, sai la'asar aka kai gare ta. Da aka kama ta za a hau da ita, ƙasa ta juya mata, ta ga mutane bibbiyu. Ta faɗi karatunta kamar kullum. Wannan karon ba sai an ce ta yi kuka ba.

Mai gabatarwa, wani matashi mai muryar 'yan rediyo, ya ga taro ya ɗauki zafi, sai ya ƙara abin da ba ya cikin tsari. Ya dafa kafaɗarta.

"Inna, kada ki ji tsoron kowa. Yau ranar 'yanci ce. Ki hwaɗa ma mutanen Kalgo, wa yas sa ki cikin wanga hali? Wa ya hana miki abinci? Kira sunanshi, duniya ta ji."

Taro ya ɗauka. "Kira sunanshi. Kira sunanshi." Suna jiran sunan wanda yake kan kujerar mulki, don su yi ihu.

Inno ta juya kaɗan. Ɗanta yana nan a bayanta ta hannun dama, rigarsa fara tas, yana gyaɗa mata kai, yana nuna mata da baki ta faɗa. Ta dube shi. Rabon da ta kalli fuskarsa sosai tun yana jariri, lokacin da take satar kallonsa in babu kowa a ɗaki. Ga hancin ubansa, ga ɗan tabon ƙyanda a goshi wanda ta yi jinyarsa kwana tara tana nuna kamar ba ta damu ba. Ta tuna gwangwanin tumatir yana gangarawa, kaji suna bin sa. An tambaye ta a gaban jama'a, kuma ta gaji da ƙarya.

Ta ce, "Lukuman."

Sunan ya yi mata nauyi a baki kamar baƙon abu. Lasifika ta kai shi har bakin titi.

"Lukuman ne. Ɗana. Shinkahwa na ɗakina har rufi, ni ina jiƙa ƙanzo. Katina ma yana hannunshi."

Na ɗan lokaci ba a jin komai sai kukan janareta. Sai wani mai saurin hankali ya yi wa makaɗa alama, ganguna suka ɓarke, aka zare wayar makirufo. Alhaji Sadiƙ ya ci gaba da murmushi kamar na jikin buhu. Mutum biyu suka sauko da Inno ta baya, aka tura ta mota.

Kafin su iso Gwandu an gama gyara maganar. Gigin tsufa ne. Rana ce ta buge ta. Wasu suka ce 'yan adawa ne suka yi mata asiri, wasu suka ce wata malamar makaranta ce take hure mata kunne. Alhaji da kansa ya kira Lukuman ya ce kada ya damu, shi ma yana da tsohuwa a gida. Aka ba Malama Ruth wa'adin ƙarshen wata ta bar gidan.

Matan unguwa kuwa, waɗanda katunansu ke kwance tare da nata a gwangwani guda, abin da ya tsaya musu a rai daban ne. Suka yi ta shigowa dubiya bibbiyu, suna tsayawa a tsakar gida wurin Rumaisa, suna magana yadda za ta jiyo.

"Wai da bakinta tak kira shi? Gaban maza?"

"Da lasihika, 'yar uwa. Ɗan hwari."

"Inno da muka misali da ita. Kai, tsuhwa ba ta yi ba."

Babu wadda ta tambayi ko gaskiya ta faɗa. Ita ma Inno, a kwance tana fuskantar buhuna, ba ƙanzon take tunani ba. Sunan take ji yana dawo mata a kunne da muryarta, sai ta ja zane ta rufe fuska. Shekara arba'in da shida ta riƙe abu guda, ta sake shi a Kalgo, ba ta samu ko loma a madadinsa ba.

Ba a ƙara fita da ita ba, don haka biredin mota ma ya yanke. Lukuman ya daina bi ta ƙofar ɗakin. Ya ce wa masu tambaya zuciyarsa ce ba za ta iya ganin ta a wannan hali ba. Rumaisa tana dire kwano ta fita, in ta dawo ta tarar ba a taɓa ba sai ta ce, to ga shi, a shaida, ita ce ba ta ci. Gaskiya ne, zuwa lokacin ko kunun da Malama Ruth take shigowa da shi a gaban kowa, tunda ba ta da sauran abin tsoro, ba ya wuce mata maƙogwaro. Cokali biyu, sai ta kawar da kai.

"Ki sha don ni, Inno."

"Ɗiyata, sun ce na zubar da kunya."

"Ba ke kika zubar ba."

Inno ta ce, "Wancan ya ci abinci kuwa? Na ji ba shi da lahiya tun ranar."

Malama Ruth ce ta same ta ta cika ranar Talata da safe, kafin ta wuce makaranta, saura kwana goma sha ɗaya zaɓe. Da aka zo wanka sai da aka fitar da buhu shida kafin mata su samu wurin tsayawa.

Jana'iza ta yi jama'a. Lukuman ya yi kuka har ana riƙe shi. Ranar addu'ar uku Alhaji Sadiƙ ya zo da jerin motoci, ya zauna a kan darduma a ƙofar gida, ya ce wannan baiwar Allah tsadar rayuwa ce ta kashe ta, kuma jininta yana wuyan waɗanda suke mulki. Ya ce ba zai bari a manta da ita ba. Bai bari ba kuwa: kafin mako ya zagayo hotonta yana manne a kowace bishiya daga Gwandu zuwa Kalgo, da ƙashin wuyan da tsohon zanen, a gefen nasa.

Nan take kuma, a gaban jama'a, ya ba da izini a buɗe buhu biyar daga cikin amanar, a yi wa mamaciya sadaka. Aka kafa manyan tukwane a tsakar gida, daidai inda kaskonta yake kife. Aka yi dafa-duka da manja da naman sa. Unguwa ta ci, baƙi suka ci, masu dubiyar nan suka ci suka ƙulla saura a leda. Aka yi ta sa wa Lukuman albarka, ana cewa ɗa na gari ke nan, dubi yadda ya karrama uwarsa duk da abin da ta yi masa. Mairo ma ta ci, tana hawaye, don tun daga Masama ba ta karya ba.

Rumaisa ta aika wa Malama Ruth nata kwanon, shaƙe, da tsoka biyu a sama. Malama tana ɗaure kayanta a lokacin. Ta karɓa, ta ratsa tsakar gida ta cikin mata, ta shiga ɗakin Inno, ta ajiye kwanon a kan gadon da babu kowa. Ta fito ta ja ƙofa.

Katin Inno yana nan a gwangwanin madara. Ranar zaɓe da safe Lukuman ya zazzage gwangwanin a zaure yana kiran suna, mata suna karɓa tare da mudun shinkafa, yana tuna wa kowacce inda za ta dangwala. Da ya zo kan nata ya ɗan tsaya, ya dubi hoton, ya juya bayan katin. Sannan ya tambayi na kusa da shi ko akwai wata dabara da za a yi kada ƙuri'ar ta tafi a banza.